Yadda Za Ka Bi da Kiran Waya na Takura da na Damfara a Kan Wutar Gida

Wutar lantarki da iskar gas suna cikin abubuwan da kusan kowane gida yake biya wa kuɗi, kuma shi ya sa masu talla ta waya da 'yan damfara suka mayar da su ƙofar shiga. Wanda ya kira mutum ya ce masa ya ci wata gasa, sai in ya yi sa'a mutumin ya taɓa shiga gasa kafin maganar ta kama shi. Amma wanda ya ce yana kira ne a kan kuɗin wuta ba ya buƙatar wata sa'a, domin da wuya ya faɗa kan wanda ba shi da mita a gida, kuma da wuya ya faɗa kan wanda ba ya ganin kuɗin wutar ya yi masa yawa. Tsoron a yanke wa mutum wuta da kwaɗayin a rage masa kuɗinta, su ne igiyoyi biyu da ake jan mutane da su, kuma duk kiran da za a tattauna a nan yana riƙe da ɗaya daga cikinsu.

Kafin komai, yana da kyau ka san cewa masu kiran ba iri ɗaya ba ne, domin maganin kowanne daban yake. Akwai kamfani na gaskiya da yake tallar hajarsa, wanda zai iya damun ka amma yana da suna da adireshi kuma yana tsoron hukuma. Akwai masu tattara bayanai, waɗanda ba su da abin sayarwa sai dai su yi maka tambayoyi a kan gidanka, da shekarunka, da ko kai ne mai gidan ko haya kake yi, sannan su sayar da amsoshinka ga wasu kamfanoni. Sai kuma ɗan damfara tsantsa, wanda burinsa kuɗinka ko hanyar shiga asusunka. Na farko ana iya dakatar da shi da doka, na biyun ana iya rage shi da taka-tsantsan, na ukun kuwa babu rajistar da za ta hana shi kira, tunda tun farko bai damu da doka ba. Matsalar ita ce a cikin minti ɗaya na farko dukkansu murya ɗaya suke da ita, kuma ɗan damfara ya fi kowa ladabi.

Ka katse kiran, ka nemi kamfanin da kanka

Tun da ba za ka iya tantance su ta murya ba, kada ma ka wahalar da kanka da ƙoƙarin yin hakan kana kan layi. Duk kiran da ya shigo maka ba tare da ka nema ba, in ya taɓo kuɗi ko bayananka, ka katse shi, sannan ka kira kamfanin da kanka ta lambar da kake da ita tun da can, wato wadda ke kan takardar biyan kuɗin wuta, ko kan kwangilarka, ko a cikin manhajar kamfanin da ka saba amfani da ita. In maganar gaskiya ce, za ka same ta a rubuce a asusunka, kuma ba abin da ka rasa sai 'yan mintoci. In ƙarya ce, ka tsira ba tare da ka gano ta inda aka so a cuce ka ba. Ma'aikacin kamfani na gaskiya ba ya jin haushi don ka ce za ka kira da kanka. Wanda ya fara roƙonka kada ka ajiye wayar, ko ya ce in ka ajiye damar ta wuce, ya riga ya ba ka amsa.

Mutane da yawa suna yarda da kira ne saboda sun ga sunan kamfaninsu ko lambarsa ta fito a fuskar wayar. Wannan ba hujja ba ce ko kaɗan. Yawancin irin waɗannan kiraye-kiraye ta intanet ake yin su, kuma tsarin yana ba mai kira damar rubuta lambar da yake so ta bayyana, ko da kuwa yana wata nahiya. Wasu suna zaɓar lambar da farkonta ya yi daidai da na yankinka don ka ɗauka maƙwabci ne ko wani ofishi na kusa. A Amurka an tilasta wa manyan kamfanonin waya su fara amfani da tsarin tantance lambobi da ake kira STIR/SHAKEN daga ƙarshen watan Yunin 2021, kuma ya taimaka, amma bai rufe ƙofar gaba ɗaya ba, musamman ga kiran da ya ratso ta tsofaffin layuka ko ya taso daga ƙasashen waje. Haka nan, don mai kira ya san sunanka, da adireshinka, da sunan kamfanin da ke ba ka wuta, ba ya nufin daga kamfanin yake, domin irin waɗannan bayanai ana sayar da su, ana satar su, kuma wani lokaci kai da kanka ka bayar da su a wani kiran da ka manta. Ita ma muryar ba abin dogaro ba ce yanzu, har ta kai hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta yanke a watan Fabrairun 2024 cewa muryar da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira tana ƙarƙashin dokar da ta taƙaita kiran murya naɗaɗɗiya.

Akwai kurakurai biyu da ake yi wajen mayar da kira. Na farko shi ne kiran lambar da mai kiran ya ba ka, ko wadda ta zo a saƙon da ya turo, wanda daidai yake da tambayar ɓarawo ko shi ɓarawo ne. Na biyu shi ne neman lambar kamfani a intanet da ɗaukar wadda ta fara fitowa, alhali sau da yawa ta saman talla ce da kowa zai iya biya a sa masa. In kuma wayar tebur ce ta gida, ka ɗan jira wasu mintoci kafin ka kira, ko ka yi amfani da wata wayar, saboda a wasu tsofaffin layuka kira ba ya yankewa nan take in wanda ya kira bai ajiye ba.

Labaran da aka fi zuwa da su

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne na yanke wuta. Za a ce maka ana bin ka bashi, kuma ma'aikata suna hanya, in ba ka biya cikin awa ɗaya ko rabin awa ba za a cire maka wuta. An fi yin wannan a lokacin tsananin sanyi ko tsananin zafi, ko da yamma da ƙarshen mako, lokacin da ofisoshi suke rufe kuma mutum ba shi da wanda zai tambaya. Kamfanonin da ke ƙarƙashin kulawar hukuma suna da matakan da suke bi kafin yanke wuta, kuma a ƙasashe da yawa doka ta wajabta sanarwa a rubuce tun da wuri. Ko da da gaske ana bin ka bashi, hanyar biyansa ita ce wadda ka saba, ba wani asusu da aka karanto maka a waya ba.

Na biyu kishiyar na farko ne: an ce kai ne kake bin kamfani, ko gwamnati ta ware maka tallafi, saura kawai ka ba da bayanan asusunka a tura maka. Abin da ya faru a Birtaniya misali ne mai kyau. Lokacin da farashin makamashi ya yi tashin gwauron zabo a 2022, gwamnati ta ba gidaje rangwamen fam 400 da aka raba cikin wata shida, daga Oktoban 2022 zuwa Maris na 2023, kuma ga yawancin gidaje kamfanonin wuta ne suka riƙa cire shi daga kuɗin da ake biya ba tare da an cike wata takarda ba. Duk da haka saƙonni da kiraye-kiraye suka yawaita da sunan Ofgem, hukumar da ke sa ido kan makamashi a ƙasar, ana cewa mutane su yi rajista, kuma rajistar ba komai ba ce face shafin karɓar lambobin katin banki. Darasin da ke ciki ya shafi kowace ƙasa: duk lokacin da aka sanar da wani tallafi a labarai, 'yan damfara sun ji labarin tare da kai. Hukumar da ke sa ido kan makamashi ba ta sayar da wuta kuma ba ta riƙe asusunka, don haka ba ta da dalilin kiran ka tana neman lambar kati.

Sai na mita. Wani zai ce dole a sauya maka mita zuwa ta zamani kuma sai ka biya kuɗin sakawa yanzu, wani ya ce mitarka za ta daina aiki in ba a sabunta ta ba. Wannan na biyun ya samu gindin zama ne saboda akwai gaskiya a cikinsa: mitoci masu kati na tsarin STS, waɗanda ake loda musu lambobi 20, sun buƙaci sabuntawa kafin 24 ga Nuwamban 2024, kuma an yi hakan ne ta shigar da wasu lambobi na musamman da kamfanin wuta yake bayarwa. Kamfanoni irin su Eskom na Afirka ta Kudu sun sanar cewa aikin kyauta ne, amma hakan bai hana wasu neman kuɗi a kansa ba. A wannan fannin ne kuma ake samun masu tayin lambobin loda mita a farashi mai rahusa, waɗanda ko dai ba sa aiki, ko kuma su jefa mai mitar cikin laifin satar wuta.

Tayin saka sola ko gyaran gida don ya riƙe ɗumi ya fi wuyar sha'ani, domin a nan ne halal da haram suka fi cakuɗuwa. Aikin na gaske ne, kuma a wasu ƙasashe tallafin gwamnati na gaske ne, amma kalmar "kyauta" takan ɓoye bashi na shekaru masu yawa ko yarjejeniyar hayar rufin gida wadda za ta iya wahalar da mutum ranar da ya tashi sayar da gidan. Abin ya yi ƙamari a Faransa har aka kafa doka a watan Yulin 2020 da ta haramta tallar gyaran gida don tsimin makamashi ta waya, sai dai ga wanda yake da kwangila da kamfanin tun da farko. A ganina wannan hukuncin ya dace mutum ya ɗora wa kansa ko da ƙasarsa ba ta yi dokar ba: aikin da zai taɓa rufin gidanka ba a ƙulla shi da wanda ya kira ka, ana ƙulla shi ne da wanda ka nema, bayan ka karɓi farashi a rubuce daga kamfani biyu ko uku.

Akwai kuma 'yar na'urar da ake cewa in ka jona ta a soket za ta rage maka kuɗin wuta da kaso mai tsoka. Abin da ke cikin yawancinsu ɗan ƙaramin kafasita ne da fitila mai haske. Mitar gida tana ƙirga wutar da kayanka suka ci ne da ma'aunin kilowat a awa, kuma wannan na'ura ba ta rage abin da firji ko dutsen guga yake ci. Wasu ma an same su da haɗarin kama wuta saboda rashin ingancin ƙira.

Abin da ba a bayarwa, da yadda ake sallamar mai kira

Kowa ya san ba a ba da lambar sirri ta kati, amma akwai abubuwan da mutane ba su ɗauke su sirri ba alhali su ake nema. Lambar da banki yake turowa ta saƙo don tabbatar da ciniki ita ce sa hannunka, kuma wanda ya ce ka karanto masa ita don ya mayar maka da kuɗi, cire kuɗi yake yi a daidai wannan lokacin. Lambar asusunka na kamfanin wuta da lambar mitarka su ma a riƙe su da kyau, domin a ƙasashen da mutum yake da zaɓin kamfani, da su ake iya mayar da kai wani kamfanin ba da saninka ba, sai dai ka ga takardar biya da sabon suna da sabon farashi. Shi ya sa mai kira yakan ce, cikin sakin fuska, ka ɗauko takardar wutarka ta ƙarshe don ya duba ko ka cancanci ragi. Kada ka ɗauko. Haka kuma kada ka sauke wata manhaja da ya umarce ka, musamman irin su AnyDesk da TeamViewer, waɗanda halal ne a wajen masu gyaran kwamfuta amma suna ba wanda ke nesa damar ganin wayarka da sarrafa ta.

Hanyar biyan da aka nema ita kaɗai takan isa ta tona asiri. Kamfanin wuta ba ya karɓar bashinsa da katin kyauta na shago, ko kuɗin kirifto, ko turawa zuwa asusun wani mutum mai sunansa na kansa. Ana zaɓar waɗannan hanyoyi ne saboda da wuya a dawo da kuɗin in sun tafi.

Game da abin da za ka faɗa, gajere ya fi. Ya isa ka ce ba ka tattauna asusunka a kiran da ba kai ka yi ba, za ka tuntuɓi kamfanin da kanka, sannan ka ajiye. In ka fahimci talla ce ta kamfani na gaske, ka tambayi cikakken sunan kamfanin da inda suka samo lambarka, ka ce a cire ta daga jerinsu, ka rubuta ranar da ka faɗa. Ba sai ka kawo uzuri ba, domin duk uzurin da ka kawo suna da amsarsa a rubuce a gabansu, kuma uzurin kansa bayani ne: wanda ya ce shi ɗan haya ne, ko ya ce sai ɗansa ya dawo, ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba. Wasu suna jin daɗin ja wa ɗan damfara rai ko zaginsa, amma ban ga ribar hakan ba, tunda abin da yake tabbatarwa kawai shi ne lambar tana da mai ita kuma yana ɗauka. Saboda wannan dalilin ne in murya naɗaɗɗiya ta ce ka danna wata lamba don a daina kiran ka, bai kamata ka danna ba. Kiran da kake ɗauka ka ji shiru kuwa, galibi na'ura ce take kiran lambobi da yawa a lokaci ɗaya, ka ɗauka ba a samu ma'aikacin da zai karɓe ka ba. Ka ajiye, kuma kada ka mayar da kira ga baƙuwar lambar ƙasar waje da ta yi ƙara sau ɗaya ta yanke, don akwai layukan da ake cajin mai kira kuɗi mai yawa.

Rage yawan kiran

Ƙasashe da dama suna da rajistar da mutum yake sa lambarsa kyauta don a daina yi masa talla. Amurka tana da National Do Not Call Registry tun 2003, kuma masu talla suna da kwana 31 su daina kira bayan rajista. Birtaniya tana da TPS, inda wa'adin yake kwana 28. Faransa ta buɗe Bloctel a 2016, Najeriya kuma tana da lambar 2442 ta hukumar NCC, wadda ake tura wa kalmar STOP don rufe saƙonnin talla. Duk wanda ya kira ka ya ce ka biya don a sa ka a irin wannan rajista, shi ma damfara yake yi. Amfanin rajistar biyu ne: tana rage kiran kamfanoni masu bin doka, sannan tana sauƙaƙa maka hukunci, domin wanda ya kira ka da talla bayan wa'adin ya cika, ba tare da izininka ba, ya nuna irin mutuncinsa tun kafin ya buɗe baki. Wasu ƙasashen ma sun ƙayyade lokaci, kamar Amurka da ta hana kiran talla kafin ƙarfe 8 na safe da bayan ƙarfe 9 na dare.

Sai dai izinin nan shi ne ramin da aka fi faɗawa. Shafukan kwatanta farashin wuta, da na gasa, da na neman ƙiyasin kuɗin sola, sukan sa wani ɗan akwati da ke cewa ka yarda abokan hulɗarsu su tuntuɓe ka, kuma wannan yardar takan rinjayi rajistar da ka yi. Ka duba akwatin kafin ka tura, kuma in lambar waya ba dole ba ce, ka bar gurbin babu komai.

Wayar kanta tana da abin taimako. iPhone tana da zaɓin rufe bakin kiran lambobin da ba ka adana ba tun 2019, wayoyin Android da yawa kuma suna nuna gargaɗi in ana zargin lamba. Illar rufe baƙin lambobi ita ce kiran asibiti ko na mai kawo saƙo zai iya wuce ka, don haka ya fi dacewa da wanda yake duba saƙon murya. Manhajojin tantance masu kira irin su Truecaller suna aiki, amma ka karanta izinin da suke nema a kan lambobin da ke wayarka kafin ka amince. Toshe lamba ɗaya-ɗaya yana da amfani ga kamfani mai naci, amma ga wanda yake sauya lamba kullum aikin baban giwa ne.

In an riga an cuce ka

A nan sauri ne yake da amfani, kunya kuma ita ce babbar abokiyar gaba. Ka fara da banki, ta lambar da ke bayan katinka, ka ce a toshe katin kuma a yi ƙoƙarin tsayar da kuɗin. A Birtaniya lambar 159 tana haɗa mutum da bankinsa kai tsaye. In ka sauke wata manhaja, ka kashe intanet ɗin wayar, ka cire manhajar, sannan ka sauya kalmomin sirrinka daga wata na'urar daban, kana farawa da na imel, tunda ta nan ake sake saita sauran. Bayan haka ka sanar da kamfanin wutarka, ka tambaya ko an nemi sauya maka kamfani ko an taɓa bayanan asusunka. In kwangila ce ka amince da ita ta waya, a Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai kana da kwana 14 na janyewa ba tare da ka kawo dalili ba, kuma ya fi kyau ka janye a rubuce ka ajiye kwafi.

Ka kai rahoto ko da ba ka yi asarar komai ba, tare da ranar kiran, da lokacinsa, da lambar da ta fito, da sunan da aka ambata, da abin da aka nema. A Amurka hukumar FTC mai kare masu saye ce take karɓa, a Birtaniya hukumar ICO mai kare bayanan jama'a ce take kula da kiran talla na takura, kuma a ƙasashen biyu ana tura saƙon damfara zuwa 7726. Rahoto ɗaya ba lallai ya dawo da kuɗi ba, amma da tarin rahotanni ake rufe layuka da cin kamfanoni tara.

Ka kuma sa ran kira na biyu. Sunayen waɗanda aka taɓa cuta ana adana su, ana sayarwa, kuma bayan 'yan makonni wani yakan kira a matsayin lauya, ko jami'in banki, ko ɗan sanda, ya ce an gano kuɗin kuma za a dawo da su in an biya wani abu na aiki. In a gidan akwai dattijo ko wanda yake zaune shi kaɗai, a sanar da shi wannan tun kafin ya faru, a rubuta masa lambar kamfanin wuta da ta banki da manyan baƙaƙe a ajiye kusa da waya, sannan a tambayi kamfanin ko yana ba da damar sa kalmar sirri a asusu ko naɗa wani ɗan uwa da za a riƙa tuntuɓa a madadinsa, domin kamfanoni da yawa suna yin hakan in an nema.